Taswirar da Na Rufe da Hannuna

Tagar ɗakin da nake aiki a gidanmu na Illela arewa take kallo, kuma da gangan na zaɓi ɗakin. Duk lokacin da sabis ɗin ƙasarmu ya ɗauke, sai in ɗora waya a bakin tagar ta kamo na Konni da ke tsallaken iyaka a Nijar, aiki ya ci gaba. A nan na yi shekaru ina ayyuka biyu da kwamfuta ɗaya.

Na farko shi ke ciyar da mu. Kwangila ce da wani kamfani na Ikko, ina rubuta musu manhajar da kantunan magani ke amfani da ita su san abin da ya rage a kanta da abin da ya kusa lalacewa. Ban taɓa ganin ofishinsu ba. Mace ɗaya nake hulɗa da ita, shugabar rukuninmu, ita ke raba aiki kuma ita ke karɓa. Sun sa mini wata 'yar manhaja da ke ɗaukar hoton abin da ke fuskar kwamfutata lokaci-lokaci ta aika musu, don su tabbata sa'o'in da suke biya nasu ake yi wa.

Na biyu nawa ne na kaina, ba wanda ya sa ni, ba wanda ke biya. Inna ce sanadinsa. Yayana direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa, wani lokaci dabbobi in an tashi kasuwar Lahadi, ya kai Sakkwato ko ya zarce kudu. Da hanya ta lalace, aka fara tare motoci ana shiga daji da mutane, sai ya zama duk ranar da ya fita Inna ba ta cin abinci. Tabarma take shimfiɗawa kusa da zaure ta zauna da carbi, kowa ya shigo ta tambaye shi abin da ya jiyo. In aka kira Yaya bai ɗauka ba saboda yana tuƙi, sai hankalinta ya ƙara tashi.

Shi ya sa na haɗa wani ɗan abu a waya. Direba zai danna wuri ɗaya ya yi magana, ya faɗi inda yake da yadda ya ga hanya, sauran su ji. Na ƙara taswira, kowace mota da ɗigonta yana motsi a kan layin kwalta. Inna ba ta karatun boko, amma ta gane ɗigon Yaya tun ranar farko. Sai ta riƙe wayar a cinya tana kallonsa yana rarrafe, har ta yarda a zuba mata tuwo.

Lokacin da nake ba wannan aiki tsinto shi nake yi. Bayan sallar asuba kafin taron safe na kamfani, sai kuma bayan la'asar in na sallami aikinsu, in batirin sola bai gaji ba. Na yi shi ne don Yaya da abokansa kaɗan, amma kafin in ankara ya bazu a tasha. Wannan ya tura wa wancan, matan direbobi suka sa a wayoyinsu, 'yan kasuwa masu jiran kaya ma suka sa. Na ji daɗi ƙwarai, don duk abin da nake rubuta wa kamfani ban taɓa ganin fuskar mai amfani da shi ba, wannan kuwa ina wucewa ta tasha ina jin muryoyi na fitowa daga aljihun mutane. Na san yana buƙatar ƙofa, yadda ba mai shiga sai wanda aka sani. Kowane mako nakan ce wannan makon zan yi ta, kowane mako kuma aikin kamfani ya cinye lokacin.

Wata Asabar ce cikin bazara, zafi ya kai ko ruwan randa ɗumi yake yi. Ranar Litinin za mu miƙa wani babban sashe na aikin kamfani, shugabar ta riga ta gaya mana cewa mai sayen manhajar ba ya ɗaga ƙafa, don haka ko hutun ƙarshen mako ba mu da shi. Da hantsi ina tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara. Lambar Nijar ce, ban san ta ba, amma a garinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Na ɗauka.

Muryar namiji ce, a natse, ba ta saurayi ba kuma ba ta tsoho ba. Ya yi gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi jikin Inna, ya ce ya ji ƙafarta na damunta.

Na ce, "Da sauƙi. Wa ka magana?"

Ya ce, "Mai son ci gabanka na. Kai na mai kwamfutar nan, gidan da ad da sola bisa rufi, ko?"

Na ce ni ne.

"Wanga abu da ka yi ya yi kyau ƙwarai, Allah shi ƙara basira. Sai dai akwai saura. Muna ganin motoci, amma ba mu san abin da kowace ta ɗauko ba. Da za ka ƙara muna, a san mai shanu da mai albasa, a san kuma lokacin da za su tashi, da ya hi."

Na ce wannan ba ya cikin abin da na shirya, kuma na sake tambayar wanda nake magana da shi. Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda babba ke yi wa yaro.

Ya ce, "Ka yi tunani dai, ba sauri. Ka gai da yayanka in ya dawo, ga shi nan na gani ya wuce Amarawa."

Ya kashe wayar.

Na buɗe taswirar. Ɗigon Yaya yana nan, ya bar Amarawa kaɗan, yana gangarawa kudu. Na kira shi bai ɗauka ba. Na sake kira, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Sai na shiga cikin manhajar ta baya, inda nake ganin masu amfani da ita, abin da na daɗe ban yi ba. Mutane sun yi yawa fiye da yadda nake zato, kuma da yawansu ba su taɓa aiko da saƙo ko ɗaya ba, ba su da mota a taswira. Kallo kawai suke yi. Na san a cikinsu akwai irin su Inna, uwaye da mata masu zaman jira. Amma ba ni da hanyar da zan bambanta uwar direba da mai zaune a gindin itace cikin daji da bindiga a cinya.

Ana cikin haka saƙon shugabar ya shigo, tana tambayar ina na kai. Na rubuta mata cewa ina kai. Ƙarya nake yi, don ko layi ɗaya ba na iya karantawa. Zufa na ɗiga a kan madannai, ina sharewa da gefen riga.

Na yi tunanin in kashe manhajar gaba ɗaya. Amma akwai direbobi a kan hanya a wannan lokacin da suka dogara da ita, wani zai iya jin gargaɗin da zai sa ya juya. Kuma in ta mutu jim kaɗan bayan kiran, mai kiran zai san amsata ke nan, shi da ya san gidanmu da ciwon ƙafar Inna. In na bar ta kuma, ni ne nake riƙe masa fitila yana duba mutane. Na tashi na zaga ɗakin, na zauna, na sake tashi. Daga ƙarshe na cire taswirar kaɗai na bar saƙon murya, na sa ta riƙa nuna alamar juyawa kamar sabis ne ya yi rauni, don a ɗauka lalacewa ta yi. Ina cikin yin haka na ji ɗan sautin nan na manhajar kamfani ta ɗauki hoto. Na ji shi sarai, ban tsaya ba.

Ba a daɗe ba Inna ta ɗaga labule da waya a hannu.

"Auta, ɗan'uwanka ya ɓace cikin wanga abu. Mi ya hwaru?"

Na ce matsala ce ƙarama, zan gyara. Ta dube ni, ta dubi rigata da ta jiƙe. Ta koma tabarmarta, kuma abincin rana haka aka ɗauke shi ba ta taɓa ba.

Yaya ya dawo bayan la'asar lafiya lau, yana mitar taya da ta fashe masa a hanya. Na ja shi bayan gida wajen turken tumaki na gaya masa komai. Yaya mutum ne mai yawan wasa, amma ranar na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce in ba shi lambar. Ya duba, ya kira wani abokinsa na Konni ya karanta masa ita, abokin ya ce bai san ta ba. Muka kira ta da wayar Yaya, a kashe take.

Ya ce, "Gobe mu tahi wurin shugaban tasha. Kada ka hwaɗa ma Inna."

Washegari kasuwa ta ci. Ya kamata in wuni a gaban kwamfuta, ga shi ina kutsawa tsakanin garken shanu da masu canjin sefa ina bin bayan Yaya. Shugaban tashar dattijo ne da na sani tun ina yaro. Ya saurare mu a cikin wata rumfa, yana yi yana waige. Da na gama ya ce in rufe abin baki ɗaya, kuma ko an tambaye ni kada in ce na zo wurinsa. Na shiga rumfar ina sa ran zan sauke kayan da ke kaina, na fito na gane shi ma tsoron yake ji.

Muna fitowa wasu direbobi suka gane ni suka kewaye mu. Ɗaya ya ce matarsa ta kwana tana kuka saboda taswira ta mutu. Wani ya ce in gyara kafin motocin shanu su tashi. Sai wani dogo, wanda aka taɓa tare ƙanensa a hanya, ya matso har ina jin numfashinsa.

Ya ce, "Ni tambaya gare ni. Kai da kaka ganin inda kowa yake, wa kaka ba labari? Kuma wa ka biyanka, tunda mu ba mu biya?"

A wannan yanki babu kalmar da ta fi ta mai kai rahoto wa 'yan bindiga haɗari. Na san abin da ake yi wa wanda aka zarga da ita, kuma na san ba a jiran hujja. Yaya ne ya shiga tsakaninmu, ya ce shi ma motarsa na cikin taswirar, in ƙanensa na sayar da mutane to da shi zai fara. Wani ya yi dariyar dole, wani ya ja dogon gefe, muka wuce. Har muka isa gida ina jin kamar ana bin mu, kuma ban iya waigawa ba.

Litinin ta zo aikina bai kammala ba. Shugabar ta kira ni ni kaɗai bayan taro. Da Turanci muke magana, kuma ita ba mai kewaye-kewaye ba ce. Ta ce sashena ne kaɗai ya rage, ta kuma ce an nuna mata hotuna, a ciki ana ganin wata taswira da wani aiki da ba nasu ba, a cikin sa'o'in da suke biya. Na gaya mata abin da ya faru, ban da maganar tasha.

Ta ce, "Ban san abin da zan ce maka a kan wannan ba, ya fi ƙarfina. Abin da zan iya shi ne in roƙa maka zuwa tsakiyar mako. Amma ka sani, waɗanda ke sama da ni hoton kawai suka gani. Akwai inda za ka je ka zauna na ɗan lokaci?"

Akwai goggonmu a Sakkwato. Yaya ma abin da yake so ke nan, ya ce in ɓace wa idon mutane har magana ta kwanta. Muka gaya wa Inna cewa aikin kamfani ne ke buƙatar wuta mai ƙarfi. Ta haɗa mini kilishi da ƙuli-ƙuli a leda, ta riƙe hannuna a zaure ta yi addu'a mai tsawo fiye da yadda tafiyar Sakkwato ke buƙata.

Da safe na shiga ƙaramar mota ta haya, kwamfuta a cikin buhun da na lulluɓe da tsohon zane don kada ta yi kama da abin da take. Hanyar nan na bi ta tun ina makaranta, amma ranar kowace bishiya sai na ga kamar akwai mutum a bayanta. Duk babur da ya ɓullo daga hanyar gona sai in bi shi da ido har ya wuce. Wani ɗan kasuwa da ke zaune kusa da ni ya ciro waya ya buɗe manhajata, ya ga alamar nan tana ta juyawa, ya yi tsaki.

Ya ce wa direba, "Yaron da ya yi wanga abu ba shi da kirki. Ya saba muna da shi, yanzu ya bar shi ya mutu."

Direba ya ce shi ya ji an ce gwamnati ta rufe. Wata mata a baya ta ce a'a, an ce yaron ya sayar ya gudu Ikko. Ina zaune kafaɗata na gugar ta ɗan kasuwar, na kafe idona a kan gilashi.

Mun kusa Gwadabawa wayata ta yi ƙara a aljihu. Lambar Nijar, amma ba ta ranar Asabar ba. Na so in ƙyale, sai na tuna wanda ba a ɗauki kiransa ba yana iya zuwa gida, kuma Inna ce a gidan. Na ɗauka na manna ta a kunne sosai.

Muryar nan ce. Wannan karon gaisuwar gajera ce.

"Abinka ya lalace."

Na ce, cikin ƙasa da murya, "I, ya lalace. Aikin kamhwani ya taso ni gaba, har suna batun korata. Ba ni da lokacin gyara yanzu."

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba. Sai sun sake ni."

Ina jin kukan akuya a bayansa, da wani abu kamar rediyo.

Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a. Muna nan."

Na mayar da wayar aljihu. Ɗan kasuwar ya dube ni ya ce aikin kamfani ba shi da tausayi, in yi haƙuri. Na ce na gode. A raina ina mamakin yadda aikin da na daɗe ina jin haushinsa don yana cinye mini lokacin abin da nake so, shi ne yau na laɓe a bayansa, kuma ko ƙarya ban yi ba.

A gidan Goggo na gama aikin kamfani, a makare, cikin ɗakin da jikokinta ke shiga suna fita. Ba aiki mai kyau ba ne, na san haka, don rabin hankalina na kan waya. Duk ƙarar da ta yi sai in zabura in duba lambar. Kullum ina kiran Yaya in tambaye shi ko wani baƙo ya zo ƙofar gida, ko an ga wani na zagaye unguwa. Ba wanda ya zo. Kamfani ya karɓi aikin, amma da wa'adin kwangilar ya cika ba su sabunta ba. Shugabar ce ta gaya mini da bakinta, ta kuma haɗa ni da wani ƙaramin kamfani da ba ya ɗaukar hoton kowa, albashinsa bai kai na farko ba. Na karɓa da godiya.

Mai kiran bai sake kira ba, ni ma daga baya na jefar da layin. Har yau ban san ko wane ne ba. Yaya yana ganin wataƙila wani dillalin shanu ne mai son sanin kayan abokan gasarsa, wanda bai san yadda maganarsa za ta faɗa a kunne ba. Yana iya yiwuwa. Sai dai dillali ba ya canza lamba tsakanin kira biyu, kuma ba ya ƙin faɗin sunansa. Na kan yarda da Yaya in muna tare, in na kaɗaita kuma in koma wa nawa tunanin.

Sai da damina ta sauka na koma Illela. Maganar tasha ta kwanta, mutane sun shiga shuka. Na sake gina manhajar daga tushe a 'yan lokutan da sabon aiki ya bar mini, a hankali, wata da watanni. Babu taswira. Saƙon murya ne kawai, kuma yana gogewa da kansa bayan ɗan lokaci. Ba mai shiga sai ya zo gida da ƙafarsa tare da wanda muka sani, na sa masa da hannuna. Mutanen da ke ciki yanzu ba su da yawa, kuma wasu sun ce abin ya rage amfani. Gaskiya suka faɗa.

Inna, da ta gano labarin duka daga bakin Goggo, ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta yi shi ne ta mayar da kanta mai tsaron ƙofa. Duk wanda aka kawo sai ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambaye shi ɗan wane gida ne, wace ce kakarsa, a ina suke noma. Mutanen Kalmalo da na Gidan Katta kusan duk ta san tushensu, sai a ɓige da hirar zumunci kafin a zo kan waya.

Kwanan baya wani ya zo shi kaɗai da rana, mutum mai tsabta da fara'a, ya ce shi sabon direba ne, an kwatanta masa gidan. Inna ta yi masa tambayoyinta, ya amsa duka, amma ba ta gane kowa a cikin waɗanda ya ambata ba. Na saurari muryarsa da kyau, ba ita ba ce, ko kuma na manta yadda take. Na ce ya yi haƙuri ya dawo tare da wanda muka sani. Ransa ya ɗan ɓaci, ya ce shi ba ɓarawo ba ne. Na ce na sani, ƙa'ida ce kawai. Ya sa takalmansa ya fita. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa har ya sha kwana wajen masallaci, sannan na sa sakata na koma kan aikin kamfani.